Jirgi Biyu Suka Tashi

Yayana ya yi ritaya daga aikin sojan sama da muƙami daidai da na janar, kuma ba wanda ya zaci zai waiwayi tsohon gidanmu na cikin birnin Kano. Yana da gidansa mai kyau a bayan gari, inda matarsa da 'ya'yansa suke. Amma bai daɗe da ajiye kaki ba sai ga shi da magina, ya sa aka gyara ɗakin marigayi Baba na kusa da zaure, aka shafe shi da siminti, aka maƙala fanka. Ya ce can gidan nasa shiru ya yi masa yawa. Kullum da hantsi zai iso, ya yini a wurinmu, sai dab da magariba ya koma.

Ni ina cikin gidan tun rasuwar mijina. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare kafin ni ma na ajiye alli, shi ya sa yake kirana Malama, rabi girmamawa rabi zolaya. Ni kuwa Yaya nake ce masa tun ina goyo, janar ɗin bai canza wannan ba.

Ya ce hutu ya zo yi, amma ban ga hutun ba. Ba ya iya zama a kan tabarma har shayi ya huce. Zai zauna, ya miƙe, ya leƙa waje, ya dubi agogo kamar wanda ake jira a wani wuri, ya dawo ya ce mini buta tana yoyo ko ƙofar kicin ta karkace. Idan jirgi ya gifta ta saman unguwa yana shirin sauka, sai ya yanke maganar da yake yi, bai ɗaga kai ba, har sai ƙarar ta ɓace. Bayan la'asar kuma ya ɗauki sanda ya fita ta Ƙofar Dawanau, ya bi gefen abin da ya rage na badala, wani lokaci har Dukawuya, ya dawo da gumi a bayan rigarsa. Mutanen unguwa suna cika zaure suna neman ya sa 'ya'yansu a soja. Yana sauraronsu a tsaye, ya gaya musu yadda ake nema, ya sallame su. Wasu suka fara cewa girman kai ne. Ni na san ba shi ba ne, amma ban san mene ne ba.

Babanmu baduku ne, jaka da kube da takalmi yake ɗinkawa, ya so ƙwarai Yaya ya gaje shi. Yaya kuwa tun yana ƙarami idonsa yana sama. Jiragen da ke sauka a filin jirgi ta kanmu suke bi, shi kuma ya haye soro ya kwanta rigingine yana kallon cikinsu har Inna ta gaji da kira. Ranar da ya ce an ɗauke shi makarantar soja, Baba ya ci gaba da huda fata. Inna ce ta yi kuka. Ta ce da a ƙasa zai yi yaƙin da ta san inda za ta sa ransa, amma mutum a sama ba shi da bango ba shi da inuwa.

A can ya haɗu da abokinsa, wani ɗan Ƙofar Nassarawa. Su biyu ne Kanawa a cikin waɗanda aka zaɓa koyon tuƙin jirgin yaƙi, suka manne wa juna. Abokin nan gajere ne mai ƙiba, dariyarsa tana riga shi shigowa gida. Idan suka zo hutu a kan babur ɗaya, shi ne yake wucewa kai tsaye wurin Inna ya tsuguna ya ce dambu ya kawo shi, ba gaisuwa ba. Ni ƙanwarmu yake ce mini. Suna cin abinci suna musu a kan wanda ya fi iya sauke jirgi a hankali, ya ce Yaya yana dira kamar an yar da buhun gero daga kan mota. Abokin ne ya fara yin aure, aka haifa masa 'ya mace. Na je sunan, na ga mahaifiyarsa, doguwar mace mai kaifin murya da ke sayar da man gyaɗa a cikin gida. Shi kaɗai ne ɗanta namiji.

Sai aka tura su wata ƙasa da ake yaƙi, inda sojojinmu suka je raba faɗa. Abin da ya iso mana a lokacin kaɗan ne. Mun ji cewa wata rana da damina jirgi biyu suka tashi, ɗaya ya dawo. Yaya ya zo gida bayan wasu watanni ya rame, yana tafiya a karkace saboda bayansa. Bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba, don an ce mana ba a yi wa soja irin wannan tambayar.

Daga baya aka kira iyaye bikin ba shi lambar yabo. Inna ta ce ƙafarta tana ciwo, ni na raka Baba. Aka yi fareti a rana, aka busa, aka buga ganguna, wani babba ya maƙala masa lambar a ƙirji. Wani kuma ya karanta da Turanci cewa ya ceci sojojin da aka yi wa ƙawanya, ya dawo da jirginsa duk da harbin da aka yi masa. Baba ya ce in fassara masa, na fassara. Ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "To, ɗayan fa?" Na ce ban ji an ambace shi ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, muƙami yana ƙaruwa, lambobi suna ƙaruwa. Aka daina barinsa ya tashi da jirgi, aka ba shi ofis da direba. Baba ya rasu, Inna ta bi shi. Sunan abokin nan ya daina fitowa a gidanmu, ba don an hana ba, sai don duk lokacin da wani ya ambace shi Yaya yakan tuna yana da wani abin yi a waje.

Bayan dawowarsa da 'yan watanni, dattawan unguwa suka zo suka ce za su shirya taron karrama shi bayan babbar sallah, a filin makarantar firamare. Suka roƙe shi ya sa kakinsa da lambobinsa duka, don yara su gani su yi sha'awa. Ya yi ta kawo uzuri, limamin unguwa ya ce ai ba don shi za a yi ba, don yaran ne. Haka ya amsa ba da son ransa ba.

Washegari ya shigo da wata 'yar jakar fata, ɗinkin Baba, na gane ta tun daga nesa. Ya zazzage ta a kan tabarma. Lambobin sun dushe, ƙyallayensu masu ratsi-ratsi sun tattare. Ya ce ko zan goge masa su. Na kawo toka da lemon tsami da tsumma, na zauna ina gogewa, shi yana kai da kawo a tsakar gida yana ba ni labarin kowace. Ya ce wannan ta daɗewa a aiki ce, duk wanda bai mutu ba kuma ba a kore shi ba ana ba shi. Wannan ta zuwa wata ƙasa ce inda bai yi komai ba sai zazzaɓi. Wannan wani shugaban wata ƙasa ne ya ba shi, har yanzu bai san dalili ba, ya ce ko don ya iya tsayuwa a miƙe. Na yi ta dariya, shi ma ya ɗan saki jiki. Akwai wadda ya faɗi labarinta da alfahari na gaske, ta wata rana da injin jirginsa ya kama wuta a saman wani gari, aka ce ya fice da lema, ya ƙi, ya lallaɓa jirgin har ya wuce gidajen mutane.

Da na ɗauko ta fareti, wadda na gani da idona aka maƙala masa, sai ya daina tafiya. Ya miƙo hannu ya karɓe ta kafin in sa mata toka. Ya ce wannan ba sai an goge ba. Ya jefa ta a aljihun gaba ya fita, bai dawo ba ranar.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na da muni. Ya yi faɗa da mai gyaran fanka, ya yi faɗa da direbansa har ya sallame shi ya koma tuƙa kansa. Abinci ya ɗan taɓa ya ture. Matarsa ta kira ni a waya ta tambaye ni ko wani abu ya faru a gida, don can ma ba ya zama. Wata safiya ina shara ya tsaya a kaina ya ce in sa mayafi in raka shi Ƙofar Nassarawa. Ya ce ya bincika, mahaifiyar abokinsa tana nan da rai, a gidan da muka sani. Shi namiji ne, ba zai faɗa gidan mutane haka kawai ba, yana so in shiga in yi masa iso.

Na tambaye shi rabonsa da gidan. Ya ce tun ranar da suka je da manyansu kai wa iyalin tuta. Ranar ma a zaure ya tsaya, bai shiga ba.

Muka tafi a motarsa. Wurin ya canza, titi ya faɗaɗa, shaguna sun cinye gaban gidaje, amma bai ɓata ba ko kaɗan, ya san kowace kwana kamar mai bin hanyar kullum. Ya ajiye motar a bakin titi muka taka zuwa lungun. Muna isa bakinsa ya tsaya, ya dubi agogo, ya ce azahar ta kusa, bai kamata a shiga wa tsohuwa a irin wannan lokaci ba. Muka juya. Bayan kwana biyu muka sake zuwa, wannan karon har muka hango ƙofar gidan, sai ya ce ya manta bai sayo goro ba, ba a zuwa hannu biyu. Muka koma mota, bai nufi wurin masu goro ba, gida ya mayar da ni.

Na ji haushi ranar. Na ce masa ni ba yarinya ba ce da zai riƙa yawo da ni a rana, gwiwoyina ba sa so. Gobe zan hau adaidaita sahu in je ni kaɗai in gaishe ta, in ya ga dama ya biyo ni. Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai ya ce to.

Da safe na tarar da shi a ƙofar gida da goro da turmin atamfa a kujerar baya.

Na bar shi a zauren gidan na shiga da sallama. Wata mata ta tare ni a tsakar gida, da fararen kayan asibiti a jikinta, da alama daga aiki ta dawo. Ina ganin fuskarta na gane ta, don kumatun mahaifinta ne da idanunsa. Jaririyar da na je sunanta ce, ta zama uwa, nas ce a wani asibiti. Na faɗa mata ko ni wace ce da wanda yake zaure. Ta dube ni, sannan ta ja ni gefe kusa da randa ta yi ƙasa da murya.

Ta ce kafin mu shiga gara in sani, kakarta ba ta taɓa yarda ɗanta ya mutu ba. Tun da ba a kawo gawa ba, ba a nuna mata kabari ba, ta ƙi zaman makoki, ta kori masu zuwa gaisuwa. Tutar da aka kawo ta sa an mayar. Ta yi ta bin malamai, wani ya ce mata yana raye a hannun abokan gaba, wani ya ce yana wata ƙasa hankalinsa ya gushe bai san hanyar gida ba. Da alƙali ya ba matarsa izinin yin wani aure bayan shekaru, tsohuwa ta daina yi mata magana, har yau ba sa ga maciji. Kayansa suna cikin adaka, duk shekara sai an fito da su an shanya. Ta ce ita ta tashi ba ta san me za ta ce ba idan aka tambaye ta a makaranta, marainiya ce ko ba marainiya ba.

Na tambaye ta ko mu koma. Ta ce a'a, ai kakarta ta daɗe tana cewa akwai mutum ɗaya da ya sani, kuma ya ƙi zuwa.

Tsohuwar tana ɗakinta a kan katifa, ta jingina da bango. Tsawon nan nata ya tanƙware, idonta ya yi fari-fari, amma muryar tana nan yadda na san ta. Na gaishe ta, ta gane gidanmu, ta yi mini ta'aziyyar Inna da ta daɗe da wucewa. Da na ce Yaya yana zaure, ta gyara ɗankwalinta ta ce a ce ya shigo.

Ya cire takalmi tun daga tsakar gida. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta ce ya matso ba ta gani sosai. Ya matsa har gaban katifar. Mutumin da sojoji ke ƙamewa idan ya gifta ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa. Ta amsa gaisuwar a taƙaice, ta tambayi iyali, sannan ta ce ta ji ya zama babban mutum. Ya ce Allah ne ya yi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da lambar, ya fara bayani cewa an ba shi ita ne saboda aikin ranar, kuma aikin su biyu suka yi shi, ya ga ya fi dacewa ta zauna a gidan nan. Ya sa mata a tafin hannu. Ta shafa ta da babban yatsa, ta juya ta, ta ajiye a kan katifa tsakaninsu.

"Ɗan nan, ba wannan nake jira ba," ta ce. "Kai kana wurin?"

"Ina wurin, Hajiya."

"Ka gani da idonka, ko gaya maka aka yi?"

"Da idona na gani."

Ta ce to ya faɗa mata, kada ya rage komai don tana tsohuwa.

Ya faɗa. Ban taɓa jin labarin ba sai ranar. Ya ce an aiko cewa an ritsa wasu sojoji a bakin wani kogi, hadari ya haɗu, manya suna shakkar a tashi, su biyu suka ce za su je. Sun yi shawagi sun buɗe wa sojojin hanya, a zagaye na ƙarshe aka harbo daga cikin daji aka sami jirgin abokinsa. Yana gefensa, kusa har yana ganin hularsa. Ya yi ta kiransa ta rediyo yana cewa ya fice, ya fice. Abokin ya amsa ya ce abin ficewar ya ƙi, kuma hannunsa ɗaya ba ya motsi. Yaya ya ce muryar abokin ba ta tashi ba, kamar yadda yake magana kullum. Ya yi kalmar shahada, Yaya ya ji ta sarai a kunnensa, sannan jirgin ya sunkuya ya shiga cikin fadama, wuta ta tashi. Ba lema da ta buɗe. Ya ce ya yi ta zagaya wurin yana dubawa har aka huda nasa jirgin, har mai ya kusa ƙarewa. Wurin kuma yana hannun abokan gaba, ba a iya shiga ba sai bayan ruwa ya shafe komai.

Jikar tana tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Tsohuwa ba ta yi kuka ba. Ta ce ya maimaita mata wurin shahadar, ya maimaita. Ta tambaye shi ko ya tabbata ɗanta ya ƙarasa ta, ya ce ya ƙarasa. Sai ta tambaye shi abin da ya hana shi zuwa ya gaya mata tun tuni.

Ya ce da farko an hana su magana. Daga baya da aka ba shi lambar, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce sau da yawa yana zuwa Kano ya biyo ta titin nan ya rage gudu, ya wuce.

"Ka bar ni ina shanya kayan mamaci," ta ce. "Na ɓata da yarinyar da ba ta yi mini laifin komai ba. Wannan kai ka yi shi, ba yaƙi ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, ta yafe masa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta lalubi lambar ta miƙa masa, ta ce ya riƙe abinsa, shi aka ba, ita ba ta da inda za ta maƙala ta. Sannan ta juya wajen jikarta ta ce a aika a gaya wa liman da dangi za a yi addu'a da sadaka, kuma jikar ta kira uwarta, matar marigayin, a waya, ta ce mata ta zo tsohuwar tana son ganinta. Ta ce mana mu tafi, tana so ta kwanta.

Ya tuƙa mu ya wuce kwanar gidanmu, ya fita ta Ƙofar Dawanau ya yi ta tafiya har gidaje suka fara ƙarewa, sannan ya tsaya a gefen hanya ya kifa kai a kan sitiyari. Na bar shi. Masu babur suna wucewa suna leƙenmu. Da ya ɗago ya ce yunwa yake ji, muka sayi gurasa a wurin wata mata, ya cinye tasa ya karɓi rabin tawa.

Aka yi addu'ar kafin babbar sallah. Na je tun da safe na taya aikin waina. Matar marigayin ta zo, ta zama dattijuwa da jikoki, ta shiga ɗakin tsohuwa aka saki labule, suka daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ɗaura zani ta kama wanke-wanke kamar ba ta taɓa barin gidan ba. Aka buɗe adakar aka raba kayan, wasu sun mutu a ninki, suna yagewa da an ɗaga su. Yaya yana waje cikin maza a kan tabarma, mutane suna yi masa ta'aziyya kamar shi ne ɗan'uwan mamacin, yana amsawa. Wannan ne karo na farko da na ga ya zauna wuri ɗaya daga farkon abu har ƙarshensa.

Taron unguwa kuwa an yi shi yadda aka shirya. Tela ya ɗan buɗa masa kakin don ya matse shi a ciki. Ya jera lambobin duka, har da ta ranar, ita kaɗai ba ta ƙyalli. Ya zauna a ƙarƙashin rumfa yana gumi yana kaɗa ƙafa, aka yi ta jawabi ana kiransa gwarzo. Da aka ba shi lasifika ya yi godiya, ya ce wa yara su yi karatu, su kula da lissafi, ya ce a cikin lambobin nan akwai wadda su biyu suka yi aikinta, ya faɗi sunan abokinsa da unguwarsu, ya roƙi a yi masa fatiha. Aka shafa. Kafin a fara rabon abinci ya sulale ya shiga gida ya tuɓe kakin, ya ce ƙaiƙayi yake masa.

Ba zan ce ya natsu ba. Har yanzu ba ya gama shayi a zaune, har yanzu yana samun abin da ya karkace a gidan nan kowace rana. Abin da ya canza shi ne tsohuwar ta sa jikarta ta ajiye mata lambar wayarsa, kuma ba ta jin nauyin kira. Ta kira ta ce maganin hawan jininta ya ƙare. Ta kira ta ce rufin ɗakinta yana zuba, ko maƙwabci ya toshe mata magudanar ruwa, ya zo ya yi masa magana. Idan ya makara ta yi masa faɗa a gaban kowa, ta ce soja ne shi ko mai tallan kwano. Yakan dawo yana mita, ya ce tsohuwar nan ta mai da shi ɗan aike, ko a bariki ba a taɓa juya shi haka ba. Na ce masa to ya daina ɗauka mana. Ya ce in ji da sharata.

Makon jiya ya kai ta asibitin ido, aka ce za a iya yi wa ɗaya aiki. Ta ce ba za ta yarda a taɓa ta ba sai yana tsaye a wurin. Likitan ya ce ba a barin kowa ya shiga, suka yi ta ja, a ƙarshe aka shirya a kan zai zauna a bakin ƙofa inda za ta iya jin muryarsa. An sa musu ranar Talata.